Shin baƙuntar ɗan jaridar nan Ba'amurke ce ta ba shi damar tona asirin Yakuza a Japan?

Ɗalibar Jarida ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida, kuma binciken kammala karatuna ya shafi halin da wakilan da ke bibiyar manyan masu laifi suke samun kansu a ciki. A cikin karance-karancena na ci karo da labarin Jake Adelstein, Ba'amurke ɗan jihar Missouri, wanda ya tafi Japan yana da shekara 19, ya yi karatu a Jami'ar Sophia da ke Tokiyo, sannan ya zauna jarrabawar ɗaukar aiki ta jaridar Yomiuri Shimbun da harshen Japananci ya ci, ya fara aiki a 1993. Jaridar a wancan lokaci tana buga kwafi kusan miliyan 10 kowace safiya, kuma shi ne Ba'amurke na farko da ta ɗauka a matsayin cikakken wakili. Shekara 12 ya yi a can, mafi yawansu a ɓangaren 'yan sanda da laifuffuka, kafin ya ajiye aiki a 2005.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin da ya fi shahara da shi, wato na Tadamasa Goto, shugaban gungun Goto-gumi, wanda a lokacin reshe ne na Yamaguchi-gumi, mafi girma a cikin ƙungiyoyin manyan masu laifi na Japan da ake kira Yakuza. An haramta wa mutumin shiga Amurka, amma a 2001 ya sami biza ya je asibitin jami'ar UCLA da ke Los Angeles aka yi masa dashen hanta, bayan ya yi wa FBI, hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, alkawarin ba ta bayanai a kan harkokin ƙungiyarsu. Adelstein ya ce tun yana Yomiuri ya ji ƙishin-ƙishin ɗin lamarin, kuma yaran Goto sun gargaɗe shi cewa ko dai ya binne labarin ko a binne shi da iyalinsa. Labarin bai fito ba sai a watan Mayun 2008, kuma ba a Japan ya fara fitowa ba, a jaridar Washington Post ne.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko, a ƙasar da take da dubban ƙwararrun 'yan jarida waɗanda suka fi shi sanin harshe da mutane da lungunan gari, me ya sa sai baƙo ne ya fitar da wannan labari, alhali mu a wurinmu an ce baƙo makaho ne ko da yana da ido? Ta biyu kuwa, mutumin da ya shafe shekaru yana zama da 'yan sanda da dare kuma yana zama da masu laifi da wani daren, har ya ɗauki tsohon ɗan Yakuza ya zama direbansa kuma mai tsaron lafiyarsa, ta yaya mai karatu zai amince da abin da ya rubuta? Malamin da ke duba aikina ya ce in kafa hujja da shi in na ga dama, amma sai na iya kare matsayina a gaban kwamiti. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin ko suka san ƙasar.

Tsohon Edita ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Na yi shekaru a teburin labaran laifuffuka kafin in koma gefe, kuma wannan labari na bibiye shi tun lokacin da ya fito, saboda haka zan ɗauki tambayarki ta farko.

Kafin komai, ki cire wa ranki cewa ya sami labarin ne domin shi baƙo ne. Ya same shi ne domin ya yi irin wahalar da kowane sabon wakili yake yi a Japan. Da aka ɗauke shi ba a ajiye shi a Tokiyo ba, an tura shi ofishin Urawa da ke lardin Saitama, inda ake horar da sababbi da bin ofisoshin 'yan sanda. A aikin jarida na ƙasar akwai wata al'ada da suke kira yomawari, wato zagayen dare, inda wakili zai tashi bayan an tashi daga ofis ya je gidan jami'in bincike ya tsaya a ƙofa yana jiran dawowarsa, wani lokaci da 'yar tsaraba a hannu, ya yi haka dare bayan dare har a gaji da korarsa a ce ya shigo ya sha shayi. Jami'in ba zai faɗa masa komai kai tsaye ba, domin doka ta hana, amma da sannu wakili zai koyi karanta shirunsa da abin da ya ƙi musantawa. A shekarunsa na Saitama ne aka yi shari'ar wani mai kiwon karnuka, Gen Sekine, wanda ya kashe mutum huɗu a 1993, cikinsu har da wani jigon Yakuza da direbansa, kuma a irin waɗannan bincike ne wakili yake tara majiyoyin da za su yi masa amfani bayan shekara goma. Wannan ɓangare na labarinsa gumi ne, ba gata ba.

Inda baƙuntarsa ta shigo shi ne wajen fitar da labarin, kuma a nan sai an fahimci tsarin da ake kira kisha kurabu. A kowace babbar ma'aikata da hedikwatar 'yan sanda akwai ƙungiyar wakilan manyan jaridu da gidajen talabijin, suna da ɗakinsu a cikin ginin, su ake kira a yi wa bayani, kuma a al'ada ba a buɗe ƙofar ga masu zaman kansu da mujallun mako-mako da wakilan ƙasashen waje. Wanda ya buga abin da ya ɓata wa hukuma rai ana iya hana shi shiga na wani lokaci, wanda kuwa aka hana shi shiga, gobe abokan hamayyarsa za su buga labari jaridarsa ta tashi babu komai. Yanzu ki duba labarin Goto da idon editan da ke zaune a Tokiyo. Labari ne da zai kunyata 'yan sandan Japan, tunda ya nuna cewa FBI ta kewaye su ta yi ciniki da mutumin da suka daɗe suna farauta. Labari ne kuma a kan mutumin da kowa ya san yaransa ba sa barazanar fatar baki, domin a 1992 wasu 'yan Goto-gumi biyar suka tare mai shirya fim Juzo Itami a kusa da gidansa suka yanyanka masa fuska saboda ya yi fim da ya nuna Yakuza a matsayin azzalumai masu ƙwace. Editan nan yana da ma'aikata da ofisoshi da motocin rarraba jarida da kowa ya san inda suke. Ba na yaba masa a kan shirun da ya yi, amma na zauna a irin kujerarsa, kuma na san nauyin da ke danne hannu a irin wannan dare.

Adelstein yana da abin da abokan aikinsa Japanawa ba su da shi, wato wata ƙofa ta biyu. Yana rubutu da Turanci, yana da fasfo na Amurka, yana da ƙasar da zai kai iyalinsa, kuma labarin kansa yana da ƙafa ɗaya a Amurka, tunda asibitin da hukumar duk na can ne. Da Washington Post ta buga, kafin watan ya ƙare sai Los Angeles Times ta biyo da nata binciken, ta nuna cewa mutum huɗu masu alaƙa da gungun masu laifi na Japan ne aka yi wa dashen hanta a asibitin tsakanin 2000 da 2004. Daga nan kafafen Japan suka sami mafaka, domin yanzu ba su ne suka ce ba, jaridun Amurka ne suka ce, su kuma suna ruwaitowa ne kawai. Wannan hanya tsohuwa ce a ƙasar. A 1974 mujallar Bungei Shunju ta buga binciken Takashi Tachibana a kan dukiyar Firaminista Kakuei Tanaka, manyan jaridu suka yi kamar ba su gani ba, sai da wakilan ƙasashen waje suka tsare shi da tambayoyi a kulob ɗinsu na Tokiyo sannan aka yi ca, kuma kafin shekarar ta fita ya sauka.

Saboda haka idan za ki rubuta, ki rubuta cewa ya tara labarin ne kamar ɗan gida, ya fitar da shi kamar baƙo. Da ɗaya ya rasa, da ba mu ji sunansa ba.

Mazaunin Fukuoka ya rubuta:

Baba Edita, Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya gamsar. Ni ba ɗan jarida ba ne, karatun injiniya ya kai ni Japan, na zauna a lardin Fukuoka na wasu shekaru. Ina so in ƙara wa ƙanwata wani abu a kan su Yakuza ɗin kansu, domin in ba ta gane matsayinsu a ƙasar ba, za ta auna haɗarin aikin da ma'aunin da ba nasa ba.

Zama ɗan Yakuza shi kaɗai ba laifi ba ne a dokar Japan. Ƙungiyoyin suna da sunaye da tambari da ofisoshi da kowa ya sani, kuma a da har katin shaida na kasuwanci suke bugawa su miƙa wa mutum da hannu biyu kamar kowane ma'aikacin kamfani. Yamaguchi-gumi an kafa ta a Kobe a 1915, kuma hedikwatarta tana cikin unguwar da mutane ke zaune, har a lokacin girgizar ƙasar 1995 ta raba wa maƙwabta abinci da ruwa. Akwai mujallu da ake sayarwa a kantunan unguwa masu kawo hotunan shugabanninsu da labarin wanda aka ƙara wa girma. 'Yan sanda suna kiransu boryokudan, wato gungun masu tashin hankali, kuma suna fitar da ƙididdigarsu duk shekara. A 1963 sun kai kimanin 184,000, amma a 2024 sun faɗo zuwa kusan 18,800, wanda shi ne karo na farko da suka yi ƙasa da 20,000. Ke nan wakilin da ke son ganin ɗan Yakuza ba ya bukatar shiga daji, adireshi kawai zai nema. Samun ganinsu ba shi ne wahala ba, kuma rubuta cewa suna nan ba ya jawo wa kowa fitina. Abin da ke jawo wuƙa shi ne taɓa hanyar kuɗinsu, ko zubar da girman ubangida a idon yaransa.

Wannan na biyun shi ne ainihin abin da ya sa labarin Goto ya zama mai zafi. Ƙungiyar an gina ta ne a kan alaƙar uba da ɗa, oyabun da kobun, wadda ake ƙullawa da musayar ƙoƙon giya a wani biki, kuma wanda ya saɓa a da yakan yanke gaɓar ƙaramin yatsansa ya kai wa ubangida a matsayin neman gafara. A irin wannan gida, a ce wani babba ya sayar da sunayen 'yan uwansa ga hukumar wata ƙasa domin ya ceci ransa, ba ƙaramin tonon silili ba ne. Ba tsoron kotu ne ya sa ya nemi rufe bakin ɗan jaridar ba, tsoron mutanensa ne.

Na isa ƙasar bayan an matse su, kuma na ga matsin da idona a wuraren da ban zata ba. Ranar da na je buɗe asusun banki, cikin takardun da aka miƙo mini akwai wadda zan sa hannu in tabbatar cewa ni ba ɗan gungun masu laifi ba ne kuma ba ni da alaƙa da su, haka ma a yarjejeniyar hayar ɗakina. Dokar farko ta yaƙi da su an zartar da ita a 1991 ta fara aiki a 1992, amma abin da ya karya musu ƙashin baya shi ne dokokin larduna da suka haramta wa talaka da kamfani yin hulɗar kuɗi da su. Fukuoka ce ta fara kafa cikakkiyar irin wannan doka a 2010, kuma zuwa Oktoban 2011 duka larduna 47 sun bi sahu. Ɗan Yakuza a yau ba ya iya buɗe asusu ko kama haya ko yin rajistar waya da sunansa, kuma wanda ya tuba ya fita ma yakan yi shekara biyar ana yi masa kallon ɗan ciki. A Kitakyushu, garin ƙungiyar Kudo-kai wadda ta yi ƙaurin suna wajen kai wa fararen hula hari, an kama shugabanta Satoru Nomura a 2014, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Agustan 2021, sannan kotun gaba ta mayar da shi ɗaurin rai da rai a Maris na 2024. Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa gaya mini cewa a ƙuruciyarsa ko sunan ƙungiyar ba a furtawa da ƙarfi a gidan cin abinci.

Na kawo wannan ne domin ki sa labarin a lokacinsa. A 2005 da 2008 babu ko ɗaya daga cikin dokokin lardunan nan, kuma adadin 'yan ƙungiyoyin ya haura 80,000. Yanzu kuma 'yan sanda sun fi damuwa da waɗanda suke kira tokuryu, matasa marasa ofis da tambari da ake ɗauka haya ta intanet su yi fashi ko damfarar tsofaffi su watse, waɗanda ɗan jarida ba shi da ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa ya same su.

Malama Mai Koyar da Jarida ta rubuta:

Na gode wa Malam Edita da ɗan uwa na Fukuoka. Ni tambaya ta biyu zan taɓa, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri domin zan ɗan saɓa wa yadda aka fara ɗaukar mutumin.

Ɗalibata, ki raba abin da Adelstein ya faɗa gida biyu, kada ki yarda ki haɗa su a sakin layi ɗaya. Gida na farko shi ne abin da wasu suka tabbatar ba tare da sun dogara da shi ba. Dashen hantar Goto ya faru, domin Los Angeles Times ta bi ta nata hanyoyin, ta kuma sami tsohon jami'in FBI da ya amsa cewa hukumar ta taimaka wajen bizar kuma ba ta sami wani abin kirki daga bakin Goto ba. An tabbatar cewa ya ba asibitin gudummawar dala 100,000 bayan aikin, kuma jaridar ta nuna cewa a kowace shekara cikin waɗancan shekaru fiye da majinyata 100 suna mutuwa a yankin Los Angeles suna jiran hanta. Asibitin ya kare kansa da cewa ba aikinsa ba ne auna halin majinyaci. Wannan duk za ki iya tsayawa a kansa a gaban kowane kwamiti, kuma ni a ganina shi ne mafi nauyin abin da ke cikin labarin, domin akwai iyalan da suka binne nasu a daidai lokacin da wani mai kuɗin haram ya tashi daga gadon asibiti da sabuwar hanta.

Gida na biyu shi ne abin da ba mu da shaida a kansa sai bakinsa: zaman da ya ce an yi aka yi masa barazana, maganganun da ya ce an faɗa a ɗakunan da babu kowa sai shi da mutanen da ya sauya wa suna, da irin rawar da ya ce ya taka a wasu al'amura. A 2009 ya wallafa littafin tarihin aikinsa, wanda daga baya aka mayar da shi fim mai dogon zango, kuma a Afrilun 2022 mujallar Hollywood Reporter ta buga rahoto inda wasu da suka san shi suka nuna shakku a kan sassan littafin. Ya musanta, ya tsaya a kan abin da ya rubuta, ya ce sauya sunaye da wurare ya yi domin kare majiyoyinsa. Uzurin yana da ma'ana ga duk wanda ya san aikin, amma sakamakonsa shi ne mai karatu ba shi da hanyar tantancewa. Ko korar Goto daga Yamaguchi-gumi a Oktoban 2008, wadda ake yawan jingina wa rahoton, abin da kafafen Japan suka ruwaito a lokacin shi ne ya ƙaurace wa tarukan ƙungiya da sunan rashin lafiya, sai ga shi ya shirya gagarumin bikin zagayowar haihuwarsa da wasan golf tare da mawaƙa. Mai yiwuwa ne abubuwan biyu sun haɗu, amma ba daidai ba ne a rubuta cewa alƙalami ɗaya ne ya kayar da shi. Kuma bai faɗi warwas ba: a 2009 ya shiga wani wurin ibada na addinin Buddha ya zama limami, daga baya ya koma Kambodiya, har a Disambar 2015 Baitulmalin Amurka ta sa masa takunkumi bisa zargin cewa bai daina harkar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen da duniya ba ta riƙe ba. Atsushi Mizoguchi ɗan jarida ne Bajapane da ya shafe rayuwarsa yana rubutu a kan Yamaguchi-gumi. A 1990 aka soke shi da wuƙa a baya bayan ya ƙi janye littafin da ya rubuta a kan shugabanta na biyar, Yoshinori Watanabe, sannan a 2006 aka soki ɗansa saboda wani rubutun uban, kuma bai ajiye alƙalami ba. Tomohiko Suzuki kuwa a 2011 ya ɓad da kama ya shiga tashar nukiliya ta Fukushima a matsayin lebura domin ya gano yadda Yakuza suke da hannu a samar da ma'aikata. Waɗannan ba su da fasfo na biyu, ba su da inda za su kai 'ya'yansu. Saboda haka zancen cewa 'yan gida sun yi shiru sai da baƙo ya zo bai cika ba. Manyan jaridu ne suka yi shiru, amma masu zaman kansu da mujallun mako-mako sun daɗe suna magana suna biya da jininsu, mu ne ba mu ji ba domin da Japananci suke rubutu. Idan bincikenki ya ambaci Ba'amurken ya bar Mizoguchi, ni da a ce ina cikin kwamitinki da na mayar miki da shi.

Ɗalibar Jarida ta rubuta:

Malama, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karɓi gyaran, kuma zan ware wa Mizoguchi da Suzuki sashe nasu. Baba Edita da Yaya na Fukuoka, ku ma Allah ya biya ku. Sai dai har yanzu akwai abin da ke cina a game da kusanci da majiya. Mun san an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A nan gida ma mun ga yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2022 lokacin da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ya ƙunshi hira da 'yan bindigar daji. Shin akwai wata iyaka da wakili zai gane cewa ya wuce daga mai neman labari ya zama kakakin masu laifi, ko kuwa kowa da lamirinsa ne?

Tsohon Edita ya rubuta:

Malama ta yi gaskiya, kuma na amince cewa na taƙaita da ban ambaci Mizoguchi ba. 'Yata, kwatancen da kika yi da na gida ki riƙe shi da hannu biyu, domin wanda ke da ofis da lauya a tsakiyar Kobe daban yake da wanda ke cikin daji da bindiga, kuma hukuncin da hukuma ta yanke a kan gidan talabijin wata mas'ala ce ta daban. Amma tambayar iyaka guda ce a ko'ina, kuma zan amsa miki da abin da na gani.

Mai laifi ba ya ba ɗan jarida labari domin Allah. A Japan sananne ne cewa ɓangarorin Yakuza suna tsegunta asirin abokan gabarsu ga 'yan sanda da 'yan jarida, kuma mutum irin Goto, wanda ya tara dukiya da maƙiya a cikin gidansu, akwai masu son ganin bayansa da yawa. Wannan bai mayar da labarin ƙarya ba, amma yana wajabta wa wakili ya tambayi kansa wa zai ci riba idan an buga, sannan ya nemi tabbaci daga wanda ba shi da rabo a cikin faɗan. Labarin hanta ya tsaya da ƙafarsa ne domin an same shi a bakin jami'an wata ƙasa da takardun wani asibiti, ba domin wani ɗan daba ya rantse ba.

Akwai wani yaro da ya yi aiki a ƙarƙashina, haziƙi ne, wanda ya sami shiga wurin wani babban dillalin kayan sata a garin da muke. Wata shida yana kawo mana labaran da babu mai su, duka kuma gaskiya ne, an kama mutane a kansu. Wata rana da daddare ina duba tsofaffin bugu sai na lura cewa duk waɗanda aka kama abokan hamayyar mutumin ne a kasuwa, shi kuwa ko sau ɗaya sunansa bai fito ba. Na kira yaron na ajiye masa jaridun a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya gaya mini cewa lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti mutumin ne ya biya kuɗin aikin, kuma bai taɓa neman komai a wurinsa ba. Ban kore shi ba, domin na san albashin da muke biyansa, kuma na san da ya zo wurina a wancan mako da ba ni da abin ba shi. Na ɗauke shi daga teburin na mayar da shi labaran kotu, na kuma ba wani wakili aikin bin dillalin.

Tun daga ranar, duk wakilin da ya ce mini ya sami majiya a cikin masu laifi, abu biyu nake tambayarsa: me ka karɓa daga hannunsa, ko da kuɗin mota ne, kuma idan gobe labari ya biyo ta kansa, za ka iya rubutawa? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sau da yawa wakili ba ya sanin ya ci sai ranar askin ta zo. Ki auna Adelstein da waɗannan tambayoyi biyu a babinki, ki nuna inda amsar ta fito fili da inda ta dogara ga maganarsa kaɗai, kamar yadda Malama ta tsara miki. Idan kin gama babin, ki liƙa shi a nan kafin ki kai wa malaminki, zan karanta in yi miki alama a inda kwamiti zai iya tsayar da ke.